Na-Gama da Lambar da Ba Ta da Rufi

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku.

A wani bene mai hawa huɗu, bakin wani titi mai yawan shaguna, akwai ɗan kamfanin da ke rubuta manhajojin kwamfuta. Ofishinsu na hawa na uku. Ɗaki ɗaya ne mai faɗi, da tebura jere, da fanka mai ƙara kamar tana tari, da butar shayi ta lantarki da kullum ake samun ta babu ruwa, kowa kuma ya rantse ba shi ya sha na ƙarshe ba. Cikin ma'aikatan akwai wani da ake kira Na-Gama. Bakinsa ne ya raɗa masa sunan, domin kafin a ƙare gaya masa aiki ya riga ya ce, "Wannan ai na gama." Sai a yi mako ana bin sawunsa ana kwashe ɓarna.

Duk manhajojin kamfanin a kan abu ɗaya suke tsaye, wani rumbun dabarun lissafi da suke kira laburare. Manhajar da ke son tarawa ko rabawa, can take leƙawa ta ɗauko. Da shi na'urar telan da ke hawa na ƙasa ke zana takardar yankan kaya. Da shi injin mai burodin ƙetaren titi ke auna gari da yis. Har lif ɗin benen da shi yake sanin inda zai tsaya.

To, lambar kwamfuta ta yau da kullum tana da rufi. In ta yi tsawo ta wuce misali, sai kwamfuta ta fara kintace, ta ce kusan haka ne. Tsohon da ya rubuta laburaren sai ya yi dabara, ya riƙa yanka doguwar lamba gunduwa-gunduwa yana jerawa a akwatuna, yana tarawa yana ɗauke ɗaya kamar ɗan firamare. Abin na aiki, amma tafiyar hawainiya yake yi. Ana nan sai yaren kwamfutar da suke rubutu da shi ya zo da tasa sabuwar lamba, cikakkiya, mara rufi, mai tsawo iya son ranka. Sai dai tana da hali biyu. Ba ta san rabi ba, kuma ba ta cin abinci kwano ɗaya da tsohuwar lamba.

Da Tsoho ya yi ritaya ya bar kujerarsa ta bakin taga, Manaja ta tara ma'aikata ta ce, "Ina son a kwashe akwatunan nan, a sa sabuwar lamba a inda ake dogon lissafi. Zan yi tafiya, zan dawo da baƙi masu binciken taurari, lambobinsu dogaye ne. Wanda ya yi aikin nan ya yi kyau, kujerar Tsoho tasa ce, da shugabancin laburare."

"Ranki ya daɗe, wannan ai na gama," in ji Na-Gama.

"Ban rufe bakina ba. Wanda ya karɓa ya ɓata, teburin ƙorafi zai koma."

Teburin ƙorafi kuwa yana bayan ƙofa, kusa da banɗaki, da wata tsohuwar waya a kai wadda ba a taɓa kira a yi godiya ba. Kowa ya sunkuyar da kai. Na-Gama ya miƙa hannu, Manaja ta damƙa masa mabuɗin shigar da gyara, wato kalmar sirrin da sai da ita ake sauya laburaren. A ranar ya buga wa matarsa waya ya ce ta fara gaya wa dangi.

Mai gwada aikin kowa a ofishin 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, ana ce mata Sai-Na-Gani. Ta juyo da kujerarta ta ce, "Injiniya, in ka ga dama ka tuna an ce a inda ake dogon lissafi. Ba ko'ina ba."

"Ke dai tanadi tafi. Gobe kina gaishe ni a tsugune."

"In na tsuguna, to tsintar ɓarnarka nake yi."

Ya kwashe akwatunan Tsoho, ya sa sabuwar lamba a gurbinsu. Nan da nan kwamfuta ta yi ƙorafi, ta ce an haɗa mata sabuwa da tsohuwa a lissafi ɗaya, ba za ta yi ba. Mai hankali zai tsaya a kowace mahaɗa ya sa ɗan tafinta tsakaninsu. Na-Gama ya dubi yawan mahaɗun, ya ga aiki ne na zama. Ya ce, "Tunda ba sa shiri, a kori ɗaya." Ya ba da umarni guda: duk wata lamba da ke cikin laburaren, babba da ƙarama, ta koma sabuwa. Ƙorafi ya ɗauke ɗif.

Amma gwaje-gwajen Sai-Na-Gani, waɗanda ke nuna kore in lafiya, ja in da matsala, suka yi jajir daga sama har ƙasa kamar gonar barkono. Na-Gama ya yi tsaki ya ce gwajin tsohon yayi ne, bai waye ba. Ya shiga inda aka rubuta launukan ya sauya, ja ya koma kore. Ya juya allon ya ɗaga murya, "Taubashiya, hango daga nan!"

Ta hango daga bakin butar shayi. "Kore ne kuwa. Bari in zo in gani da kyau."

Kafin ta ajiye kofi ya riga ya tura gyaran ga kowa da kowa.

Washegari da hantsi aka ji takun mutum a matakala. Tela ne, yayan matar Na-Gama, tef a wuya, riga da wando a kafaɗa. Ya shimfiɗa wandon a kan teburin ya ce, "Mijin ƙanwata, nemo mini aljihu a nan."

Na-Gama ya laluba. "Yaya, ai ba ka sa ba."

"Rabin yadi nake ware wa aljihu. Na'urarka ta ce sifili. Ga riga kuma. Tsakanin wannan maɓalli da wancan inci biyu da rabi ne, ta cinye rabin, maɓallai suka ƙare a cibiya. Wani kwastoman kuma ƙugunsa talatin da takwas da rabi ne. Yana can shago ya sa nasa wandon ya kasa cirewa, numfashi ma da rabo yake yi."

"Yaya, kimiyya ta ci gaba. Rabi ragwanci ne. Ko ɗaya, ko babu."

Bai rufe baki ba Baba Mai Burodi ya shigo, ya buga wani abu a tebur, ƙwal! Kofin shayi ya yi tsalle.

"Baba, katakon mene ne wannan?"

"Burodi ne, ɗan nan. Rabin cokalin yis injina ke zubawa a kowane awo. Yau ko ƙwaya bai zuba ba. Wata mata ta saya, ta dawo ta ce a ƙaro mata guda uku, ƙafar gadonta ce ta karye."

"To ka ga kasuwa ta buɗe."

"Bakinka zan buɗe da shi."

Sai ga mai gadin benen, hannu ɗaya a ka. Ƙofar lif da ke jiran rabin minti kafin ta rufe yanzu ba ta jiran komai. Tana buɗewa take rufewa, kamar bakin kada. Hularsa na ciki tana ta hawa da sauka ita kaɗai tun safe.

Sai-Na-Gani ta riga ta gano zancen launi. Ta jawo shi gefe ta ce, "Ina da tsohon laburaren a ajiye. Sa mabuɗinka mu mayar, mu sake aikin a hankali."

"In mayar, in rasa kujera? Kin ga alamar banɗaki a goshina?"

"Ina ganin hanyarsa dai."

Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "Ku kwantar da hankalinku. Rabi kuke so? Zan ba ku rabin da ba ku taɓa gani ba."

Dabarar da ya yi, a gaskiya, masana ma suna yin irinta. Tunda sabuwar lamba ba ta san rabi ba, sai a ninka komai sau dubu, rabi ya zama ɗari biyar, a yi lissafi lafiya, in an gama a raba da dubu a mayar da shi yadda yake. Na-Gama ya ninka komai sau dubu, ya ga rabi ya tsira, daɗi ya kama shi, ya miƙe yana taka rawa a tsakar ofis. Zancen rabawa kuwa ya bar shi a kujera. Ya tura gyara da yamma, ya tafi gida ya ce wa matarsa ta goge masa babbar rigarsa, gobe Manaja za ta dawo da baƙi.

Da safe tun daga kan kwana ya ga motoci sun tsaya cak. Injin Baba ya zuba yis cokali ɗari biyar a kowane awo. Kwaɓin ya kumbura ya cika kwano, ya cika ɗaki, ya ɓalle ƙofa, ya fito titi yana numfashi a hankali kamar saniya mai barci. Ya haɗiye keken wani mai kai saƙo, sai ƙararrawa kaɗai ke leƙe. Ɗan sandan hanya na tsaye a gabansa yana busa masa usur.

A ƙofar shagon Tela kuma takarda ce ke fitowa daga na'ura ba ƙaƙƙautawa. Ta fita ƙofa, ta bi gefen titi, ta sha kwana. Masu shaguna sun fito suna ɗaga ta don mutane su wuce ta ƙasa. Mai sayar da takalma ya hango Na-Gama ya ce, "Injiniya, wai wandon wa ake yanka? Tun ɗazu muke bin ƙafa ɗaya, ba mu kai gwiwa ba."

"Babban kwastoma ne," in ji Na-Gama, ya tattare rigarsa ya shige bene.

Mai gadi ya tare shi. "Yallaɓai, lif ya tafi da surukinka."

"Ina?"

"Ya shiga zai hau wurinka, da almakashi a hannu. Ya danna uku. Allon ya rubuta dubu uku. Lif ɗin na can saman ƙarshe yana tunkuyin rufin bene, yana neman hanya. Ƙofar kuma ta ce sai ta jira minti ɗari biyar."

Daga can sama aka jiyo murya ta biyo ramin lif, "Mijin ƙanwata! Na ji muryarka!"

Na-Gama ya ce, "Ka ga amfanin abin. Da almakashi ya shiga, ka ce? To a bar shi ya huce tukuna."

Bai jima da zama ba Manaja ta iso da baƙi uku, suna haki don matakala suka biyo, takalmansu duk kwaɓi. Babbansu dattijo ne mai farin gemu da tabarau mai kauri. Manaja ta dubi Na-Gama da idon tambaya. Ya matso ya raɗa mata, "Ƙananan abubuwa ne na maƙwabta, ba su saba da ci gaba ba."

Aka jera kujeru, aka haska allon a bango. Dattijo ya ciro dogayen lambobi biyu, kowace ta cika layi uku, ya ce a ninka su. Da tsohon laburare ne, da sai an sha shayi an wanke kofi kafin amsa ta fito. Na-Gama ya danna, amsa ta fito kafin ƙiftawar ido. Dattijo ya duba tasa, ya gyara tabarau, ya ce, "Daidai, har lambar ƙarshe." Baƙi suka tafa. Manaja ta yi murmushi. Ita kanta Sai-Na-Gani sai da ta gyaɗa kai.

Da ya zauna a nan, wataƙila da an yafe masa burodi da wando. Amma baki shi ke yanka wuya.

Dattijo ya ce, "Ɗana, iyakarta ina?"

"Ba ta da iyaka, Baba," in ji Sai-Na-Gani. "Sai dai inda cikin kwamfuta ya cika."

Na-Gama ya yi dariya ya girgiza kai. "Ku yi mata uzuri, gwaji kawai ta iya. Akwai abin da ba shi da ƙarshe? Ni nan da na gina ta, zan nuna muku ƙarshenta yanzu, ku gani da idonku."

A cikin laburaren akwai wani ɗan umarni da Tsoho ya bari na auna rufi. Yakan faro daga biyu, ya ninka lamba da kanta, ya sake ninka amsar da kanta, har kanta ya bugi rufi, sai ya tsaya ya ce ga shi. Da tsohuwar lamba, taku kaɗan ne an kai.

"Injiniya," in ji Sai-Na-Gani a hankali, "wannan rufi yake jira. Kai kuma ka cire rufin."

"Hassada ga mai rabo taki ce." Ya ƙara da cewa a buga kowace amsa a takarda, baƙi su tafi da ita tsaraba. Ya danna.

Biyu. Huɗu. Sha shida. Ɗari biyu da hamsin da shida. Baƙi na gyaɗa kai. Lamba ta cika layi, ta cika allo, ta fara gudu sama kamar tururuwa an taɓa gidansu. Firinta ta kama aiki, takarda na zubowa ƙasa.

"Ta kusa," in ji Na-Gama.

Fankar cikin kwamfuta ta fara kuka. Firinta ta cinye takardar da ke cikinta, ya ɗura mata wata, ta cinye, ya ɗura mata takardun da ke kan teburin Manaja.

"Yanzu za ta tsaya. Ina jin alamarta."

"A ina kake jin ta?" in ji dattijo.

"A jikina, Baba. Mun saba."

Ƙofa ta buɗe. Wani farin abu mai siffar mutum ya shigo, idanu kaɗai ke motsi. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi salati ya haye kujera.

"Ni ne mai burodi," in ji abin. "Na zo in gaya wa ɗan nan kwaɓi ya iso matakalarku ta farko. In yana da wata kimiyyar, ya sauko da ita, da shebur."

A bayansa mai gadi ne da mai takalma da wasu masu shaguna, sun jawo bakin takardar Tela tun daga ƙasa. Mai takalma ya ce, "Hajiya, mun kawo ne a duba mana. Mun kai aljihu. Mota biyu ta faka a ciki."

Daga sama kuma ana jin dum, dum, lif na tunkuyi, da muryar Tela, "Ku gaya masa ƙanwata za ta ji komai! Har da maɓallai!"

Manaja ta juyo a hankali. "Waɗannan ne ƙananan abubuwan?"

"Ranki ya daɗe, a bari lambar ta ƙare tukuna, sai a yi maganar komai gaba ɗaya."

Kwamfuta ta yi wani dogon nishi. Allon ya daskare, ya yi fari, ya yi baƙi. Wani ɗan wari kamar na guga da aka manta a kan riga ya tashi. Firinta ta tofo takardar ƙarshe ta tsaya ita ma.

Na-Gama ya share gumi. "Saura ƙiris wallahi. Kwamfutar ce raguwa."

Dattijo ya cire tabarau yana goge hawayen dariya. "Ɗana, aikina ke nan leƙen sama tun ina saurayi, ban taɓa ganin wanda ya je neman bangonta da tsani ba sai yau."

Manaja ta miƙa hannu. "Mabuɗi."

Ya rubuta mata. Ta miƙa wa Sai-Na-Gani, aka mayar da tsohon laburare nan take. Lif ya sauko ya buɗe baki, Tela ya fito da hular mai gadi a hannu ɗaya, almakashi a ɗaya, sai da mutum uku suka riƙe shi. Baƙi suka ce lissafin farko ya burge su, za su dawo in an sake aikin a inda ya kamata, kuma in an share titi.

Na-Gama ya ga ana shirin watsewa ba a ambaci kujera ba. Ya gyara rigarsa ya ce, "Ranki ya daɗe, a yi adalci. Ba a ce aikina ya ɓaci ba. Bai ƙare ba ne kawai."

Manaja ta dube shi har sai da ya sauke ido. Sannan ta ce, "Gaskiyarka. Ni ba na saɓa alkawari, ga shaidu. Ranar da lambarka ta kai ƙarshe, kujerar bakin taga taka ce. Kafin nan, ɗauki kwamfutarka ka je bayan ƙofa ka jira ta. Akwai waya a wurin, za ta ɗebe maka kewa."

Ko da ya isa teburin, wayar ta riga ta fara ƙara.

Yana nan har yanzu, in kun bi ta benen za ku same shi. Kwamfutar na gefensa, ya ɗora ta a kan burodin Baba guda biyu don ta sha iska. Kullum da safe yakan tashe ta, ta faro daga biyu, ta yi ta hawa har cikinta ya cika ta suma, ya yi mata fifita ya sake tashe ta. In ya ɗaga waya yakan ce, "Shugaban laburare mai jiran gado ke magana, a taƙaita." In kuwa Sai-Na-Gani ta zo wucewa da kofinta ta ce, "Injiniya, an kai?" sai ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya leƙa allon, ya ce, "Yau ta fi jiya nisa. Ku dai kar ku bar kowa ya zauna mini a kujera."

Ƙurunƙus. Tawa dai ta ƙare, tasa kuwa sai mu ce Allah ya ba mai jira haƙuri.